Kwamfutar da ba ta jin Hausa, da mu da muke ba ta haƙuri

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba. Kwana da kwanaki ina haɗiye maganar, yau dai na ga gara in fito da ita in huta.

Kwanan baya aka tura mu wani taron bita na kwana biyu a cikin birni. Ba zan faɗi ma'aikatar da ta shirya ba, ba kuma zan faɗi kamfanin da aka ɗauko ba, ni ma'aikaci ne kuma ina da iyali. A rana ta biyu wani matashi ya hau mumbari da kwat da kwamfutar tafi-da-gidanka, aka haska allonta a bango. Ya yi mata magana da Turanci, ya ce ta buɗe fayil, ta buɗe. Ya ce ta rubuta wasiƙa, ya riƙa faɗa tana rubutawa, ko kibod bai taɓa ba. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, don abin gwanin sha'awa ne, ban ƙi gaskiya ba. Sai ya rufe da cewa nan da ɗan lokaci babu ofishin da zai buƙaci mai buga takarda, kowane darakta zai yi wa kwamfutarsa magana kawai ta gama masa aiki.

A gefena akwai wani dattijo da muke kira Baba, tun zamanin tafireta da sitensil yake buga takardun ofis, saura masa ƴan shekaru ya yi ritaya. Na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Da aka ce wa zai gwada, na miƙe. Na ce mu ai takardunmu cike suke da sunayen garuruwa, bari in karanto mata irin jimlar da muke rubutawa kullum. Da Turancin nasu na karanta fa, a hankali, kamar mai karatun labarai. Na ambaci Balan, ta rubuta balance. Na ce Kademi, ta rubuta academy. Da na zo kan Shagogo sai ta kai mu Chicago kai tsaye, babu biza. Ajingi kuwa abin da ta rubuta ba ya ma faɗuwa. Ɗaki ya kaure da dariya. Wannan duk bai dame ni ba, na'ura ce, ta yi iya abin da aka koya mata.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne abin da ya biyo baya. Matashin nan ya ce, "Yallaɓai, sai dai ka ɗan gyara lafazinka." Wani babba a sahun gaba ya juyo yana dariya ya ce ai mu ƴan Arewa bakinmu ne matsalar. Aka sake shewa. Wato ni da aka haifa a Balan, ni ne ban iya faɗin Balan ba. Na ce to bari in yi mata Hausa zalla. Ta zubo wasu tarkacen kalmomi da babu kai babu gindi. Ya yi murmushi ya ce Hausa ba ta kai nan ba tukuna.

To wannan "ba ta kai nan ba" ɗin ita ce ta hana ni barci, kuma a kanta zan yi magana.

Da farko mu fahimci yadda abin yake aiki, don a daina ɗaukarsa tsafi. Manhajar da ke mayar da magana rubutu ba ta da kunne irin namu. Ana tara mata muryoyin mutane ne na dubban sa'o'i, kowace murya haɗe da rubutun abin da aka faɗa, ta yi ta bita har ta gane wane sauti ne ke tafiya da wace kalma. Abin da ta sha ji shi take ganewa. Abin da ba ta taɓa ji ba sai ta laluba mafi kusa da shi a cikin abin da ta sani, shi ya sa Kademi ta koma academy. Kamfanin OpenAI da ya fitar da manhajar Whisper a 2022 ya ce da sa'o'i 680,000 na sauti ya horar da ita. Kusan kashi biyu cikin uku Turanci ne zalla. Harsuna 96 kuma suka raba sa'o'i 117,000 a tsakaninsu, Hausa tana can cikin masu rabon ragowa. Don haka in ta ji Bature ta fahimta, ta ji ni ta rikice, ba bakina ne ya karkace ba, tarbiyyarta ce ta gidan wasu.

Kuma ba mu kaɗai abin yake yi wa haka ba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka sun gwada manhajojin kamfanoni biyar, Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft. Suka tarar in farar fata ya yi magana ana kuskure kusan kalma 19 cikin 100, in baƙar fata ɗan Amurka ne kuskuren yana kai wa 35. Waɗannan fa Turanci ne harshen da suka tashi da shi, ba su da wani. Da sakamakon ya fito, abin da aka yi ta cewa shi ne kamfanoni su gyara kayansu. Mu a nan kuwa, na'ura ta kasa jin mu, mu ne muke ba ta haƙuri, har muna yi wa junanmu dariya.

Wani zai ce ai kasuwa ce, kamfani ba zai kashe kuɗi a kan ƙaramin harshe ba. To mu yi lissafi. Wanda yake da kwamfuta mai Windows ya danna maɓallin Windows tare da H, zai ga wurin rubutu da murya ya fito. Ranar da na duba jerin harsunan da Microsoft ta wallafa cewa yana ji, na ga harshen Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Na ga harshen Malta, tsibirin da mutanensa ba su wuce rabin miliyan da ɗoriya ba. Gaya da Ajingi da Albasu kaɗai, mazaɓa guda ta ɗan majalisar tarayya, sun haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2006. Jihar Kano a wannan ƙidayar ta haura miliyan 9. Ban yi maganar Katsina da Sakkwato da Zariya ba, ban tsallaka Maraɗi da Damagaram ba, ban je zangon Kumasi ba. Amma Hausa babu ita a jerin. Siri ta fito tun 2011, Alexa 2014, babu wadda take jin "ina kwana" a cikinsu. Cortana ta Microsoft an haife ta, ta yi zamaninta, an yi mata ritaya daga Windows a 2023, ba ta taɓa furta kalmar Hausa ɗaya ba.

Yawa kam muna da shi. Abin da mutanen Malta da Estoniya suke da shi shi ne harshensu na aikin gwamnati ne, da shi ake rubuta doka, da shi ake ajiye bayanan majalisa da na kotu, kuma yana cikin harsunan hukuma na Tarayyar Turai. Kamfani ya san in bai saka shi ba, ba za a sayi kayansa ba. Mu kuwa muna sayen kayan a yadda suka zo, har mu shirya musu taron bita da alawus.

Adalci ne in faɗi cewa an fara motsi. Google ta saka Hausa a manhajarta ta fassara tun ƙarshen 2013, kuma a Oktoban 2024 ta sanar da ƙara harsunan Afirka 15, har da Hausa, a binciken murya da rubutu da baki a kibod ɗin waya. Akwai aikin NaijaVoices da ya tara kimanin sa'o'i 1,800 na muryoyin Hausa da Yarabanci da Ibo. Akwai ƴan uwanmu na HausaNLP, irin su Dokta Shamsuddeen Hassan Muhammad, da suka daɗe suna wannan wahala ba tare da mun san suna yi ba. A Satumban 2025 Minista Bosun Tijani ya ƙaddamar da N-ATLAS, wanda aka gina tare da kamfanin Awarri don harsunan nan uku da Turancinmu na gida. Allah ya saka musu. Amma ku dubi tazarar: 1,800 a tsakanin harsuna uku a gefe guda, ɗaruruwan dubbai a ɗaya gefen. Kuma mafi yawan ci gaban a waya yake, bai iso teburin ofis ba, inda ake rubuta takardar da ke yanke wa talaka hukunci.

Yanzu bari in juyo gida, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A 2023 kamfanin Meta, masu Facebook ɗin nan da muke kai, suka fitar da wata manhajar gane magana a harsuna sama da 1,100. Ina suka samo muryoyin? Daga karatun Sabon Alkawari na Baibul da aka naɗa a harsunan, kusan sa'a 32 ga kowane harshe. Ba zargi nake yi ba, kada wani ya juya min magana. Masu wannan aikin sun zauna ne shekara da shekaru sun naɗi murya, sun haɗa ta da rubutu daidai wa daida, sun ajiye a inda za a samu. Da aka zo nema, nasu aka tarar. Mu fa? Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957. Rediyon Kaduna da Rediyon Kano sun fi yawancinmu shekaru. Freedom Radio tana nan tun 2003. Tafsirin azumi na malamai nawa aka naɗa a kaset tun muna yara? Finafinan Kannywood nawa? A Afirka harsuna kaɗan ne suke da tarin murya irin namu. To amma nawa ne a ciki aka zauna aka rubuta kalma bayan kalma? Murya ba tare da rubutunta ba tama ce da ba a narka ba. Mu mutanen Gaya ya kamata mu fi kowa gane wannan, tunda tarihin baka ya ce maƙeri ne ya taso daga Gaya ya je Dala neman tama, har aka samu garin Kano. Kakanninmu tafiya suka yi neman tama. Mu tamu tana jibge a sito, ƙura da gara suna rabonta.

Na biyu, kuma wannan zai ɓata wa wasunku rai: yadda muke rubuta Hausa a nan dandalin. Na'ura daga rubutun da ta tarar a intanet take koyon yadda kalma take. Me take tararwa? "Xan xo", "qasa", "wlh", "ngd", "gsky", "yazo yatafi" a manne kamar an liƙa da ƙaro. Mutum da digirinsa, in zai rubuta Turanci sai ya duba sau uku kada a yi masa dariya, in Hausa ce kuwa ko oho. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a Zariya, da su aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ƙa'ida tana nan, mu ne muka yi watsi da ita. Kuma kada wani ya ce lanƙwasa ado ce. Baki daban, baƙi daban. Kai kara daban, kai ƙara daban. Ni ma'aikaci in na faɗa wa kwamfuta "gwamnati ta ƙasa" ta rubuta min "gwamnati ta kasa", na sa hannu ban lura ba, wallahi wannan ƴar lanƙwasar ita ce tsakanina da takardar tuhuma. In kuma ita ce za ta karanta maka, ga wata rigimar: rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka gari na zama da gari na tuwo duk ɗaya ne a ido, fari na yadi da fari na rashin ruwa haka. Bahaushe daga zancen yake ganewa. Ita sai an ba ta misalai masu yawa, masu tsabta. Mu kuma shara muke zuba mata.

Kai, har da karin harshe. In duk muryar da aka tara ta ƴan bokon cikin birnin Kano ce, ran da Basakkwace ya ce "shina zuwa", ko Bakatsine ya ce "hwara", ko tsohuwa daga Gurduba ta yi magana da irin nata salon, sai na'urar ta sake yin abin da ta yi min, wannan karon da Hausa. Sai kuma wani yaro ya ce wa tsohuwar ta gyara lafazinta.

Ku dubi abin da wasu suka yi. Ƙasar Aisland mutanenta ba su kai 400,000 ba. Gwamnatinsu ta ware kuɗi musamman don harshensu ya shiga na'ura, suka buɗe shafin tara murya mai suna Samrómur a 2019, har gasa ake sa wa makarantun firamare a ga wacce za ta fi karanta jimloli. In kun ce wannan Turai ce, to ga Ruwanda. A shafin Common Voice na Mozilla, inda kowa zai iya shiga ya karanta jimla a naɗa kyauta, harshen Kinyarwanda ya tara sama da sa'o'i 2,000, yana gogayya da manyan harsunan duniya, saboda wasu matasa na Digital Umuganda sun ɗauki abin aikin gayya. Hausa tana shafin, amma ko ƙurar Kinyarwanda ba ta hango ba. Mu da muka san aikin gayya tun kafin a haifi intanet. Sa'a nawa muke kashewa kullum a nan muna zagin juna a kan Kwankwasiyya da Gandujiyya?

Sai magana ta gaba, wadda ko sau ɗaya matashin nan bai ambata ba a kwana biyun: ina muryar take zuwa? Yawancin waɗannan manhajoji ba a cikin kwamfutarka suke aikin ba. Muryarka fita take ta intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, a can a juya ta, a dawo maka da rubutu. Shi ya sa in data ta ƙare take yin shiru. A 2019 jaridu suka bankaɗo cewa Amazon da Google da Apple duk suna da mutanen da ke sauraron wani ɓangare na muryoyin da aka naɗa don inganta manhaja, har da waɗanda aka naɗa bisa kuskure ba a kira na'urar ba. A farkon 2025 Apple ta amince ta biya dala miliyan 95 don kashe wata shari'a a kan Siri, ko da yake ba ta amsa laifi ba. To mu da muka yi rantsuwar riƙe sirri ranar da aka ɗauke mu aiki fa? Abin da ke bi ta teburinmu ba wasa ba ne: rikicin gona tsakanin ƴan uwa, rahoton tsaro daga dagaci, takardar ladabtar da ma'aikaci, sunayen marasa lafiya, jerin albashi. Akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962. Akwai Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumar NDPC da aka ɗora wa kula da ita, kuma dokar ta yi magana a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje. Masinja in ya ɗauki fayil ya kai shagon kwafi a bakin titi, sai an kafa masa kwamiti. Darakta kuma ya zauna ya karanta wa kamfanin ƙasar waje fayil ɗin gaba ɗaya da bakinsa, a tafa masa a ce ya waye.

Na san wani zai ce na yi tufka da warwara, ɗazu ina cewa mu ba da murya, yanzu ina cewa kada a ba da. Ba ɗaya ba ne. Daban ne in zauna da sanina in karanta jimlar da ba ta da sirrin kowa, a ajiye ta a rumbun da ɗalibin Wudil da na Bayero da na Zariya duk za su iya ɗauka su yi aiki. Daban ne kuma a kwashi maganar ofis da ta ɗaki ba da sanin masu ita ba. Haka rumbunan gidajen rediyonmu, ban ce a miƙa wa kowa kyauta ba. Dukiya ce, a rubuta ta, a yi yarjejeniya, wanda zai ci riba da ita ya biya. Kuma akwai mafita ga ofisoshi: irin su Whisper a buɗe aka sake su, ana iya ƙara musu horo da Hausa, a ɗora a kwamfutar ofis su yi aiki ba tare da intanet ba, murya ba ta fita ko ƙofa. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote nan a Wudil, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga Gaya. Ga Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Bayero. Shugaban NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejia ne, ba sai an yi masa tafinta ba. Kuɗin taron bita irin wanda muka je guda nawa ne zai ɗauki nauyin ɗalibai su zauna su rubuta kaset?

Masu cewa mu bar wannan surutu mu koyi Turanci kawai, ina da tambaya. Wa ya fi buƙatar na'urar da ake yi wa magana? Ni da kai da muka iya kibod ai ƙwalisa ce a wurinmu. Mai buƙatarta shi ne makahon da yake son ya rubuta takardar koke ba tare da ya tona cikinsa ga ɗan jagora ba. Ita ce uwar da ke riƙe da waya a ƙauye, ba ta karanta boko, duk harkarta da saƙon murya take yi. Shi ne manomin da yake son ya tambayi farashin taki, da malamin allo da ya iya ajami kamar ruwa amma fom ɗin gwamnati ya mayar da shi jahili. Fasahar da aka ce ta zo don wanda bai iya rubutu ba, sai ga shi ba ta jin kowa sai wanda ya riga ya iya rubutun, ya kuma iya Turancin. Wanda yake da shi aka ƙara wa. Kuma in za a jira sai duk mutanen Toranke da Maimakawa sun iya Turancin da na'ura za ta gamsu da shi, alhali ni mai digiri ta ce ban iya ba, to sai dai jikoki.

A nan ne ma abin yake ɗaure min kai da manufofinmu. Sashe na 55 na tsarin mulki ya ce za a gudanar da majalisar tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Har yau ana jiran tanadin. Sashe na 97 ya bai wa majalisun jihohi damar amfani da harshen jiharsu. A 2022 aka amince da koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwamban 2025 aka soke. Maƙwabtanmu Nijar kuwa a Maris ɗin 2025 suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Hannu ɗaya yana ƙaddamar da manhajar da za ta ji Hausa, ɗaya hannun yana fitar da Hausa daga aji. Yaron da ba a koya masa rubuta harshensa ba, shi ne gobe zai rubuta wa na'ura "xan xo".

Masu cewa a fara kawo wuta tukuna, kun yi gaskiya, ba ni da ja. Ofishin da sai an yi karo-karon man janareta kafin a buga takarda, ba shi ne za a ce ya dogara da abin da ke buƙatar intanet kowane daƙiƙa ba. Amma tara murya ba ya jiran wuta, da wayar hannunka ake yi.

Bari in koma kan Baba, don shi ne ya fi tsaya min. Wanda yake ganin aikin mai buga takarda yatsu ne kawai, bai taɓa zama a ofis ba. Baba ya san wa ake rubuta wa "Mai Martaba", wa ake rubuta wa "Mai Girma". Ya san hakimi ba a aika masa takarda da irin lafazin da ake aika wa ɗan kwangila. Ya san akwai garuruwa biyu masu suna kusan ɗaya, in aka musanya su kayan tallafi za su sauka a inda ba nan ba ne. Sau nawa shugaba ya faɗi magana cikin fushi a taro, Baba ya kawo daftari ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan layin a bar shi haka, ko a ɗan sassauta?" Rigima nawa wannan tambayar ta kashe tun ba ta tashi ba? Kuma ku tuna yadda taronmu yake: da Hausa ake yin sa daga bismillah har fatiha, ana tsoma Turanci nan da can, mutum uku suna magana lokaci guda, fanka tana ƙara, sannan a rubuta bayanan da Turanci. Mai rubutun yana saurare, yana fassara, yana tacewa, duk a lokaci ɗaya. Ban ce na'ura ba za ta taɓa iya wani abu daga ciki ba, za ta iya, kuma ran da ta iya ni ne farkon mai amfani da ita, don ni ma bayana ya gaji da duƙawa a kan kibod. Amma a tsaya gaban dattijo a ce masa aikinsa ya ƙare, da kayan da ko sunan mazaɓarsa ba su iya rubutawa ba, wannan rashin ta ido ne. In da gaske ake, irin su Baba ne ya kamata a fara ɗauka su zauna da ɗaliban nan suna duba rubutun da za a ciyar da na'urar, don su ne suka san daidai.

Da aka raba mana takardar jin ra'ayi a ƙarshen taron, na rubuta abu uku. Kada a sayi manhajar murya da kuɗin gwamnati sai an gwada ta da sunayen mazaɓun jihar nan da muryoyin ma'aikatanmu, maza da mata. A rubuto mana a takarda inda muryar take zuwa da wanda yake ajiye ta. A kuma gaya mana nawa aka ware wa Hausa a cikin kuɗin. Na san inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa, amma dai na rubuta, na sa sunana.

Ni kuma a nawa ɓangaren, na fara shiga Common Voice bayan sallar isha'i ina karanta jimla ashirin, ina kuma sauraron na wasu ina tantancewa. Bai fi minti goma ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je gida Balan, akwai yayan mahaifina da ya haura tamanin, ya san sunan kowace fadama da kowace gona da wanda ya fara saran ta. Na roƙe shi izini zan naɗi hirarsa, ya ce in zo da goro. Ɗiyata da ke aji biyar na sakandare ita za ta rubuta, da lanƙwasa da komai, na yi mata alkawarin kuɗin data. Malaman Hausa da ke cikin abokaina a nan, musamman na Gaya da Ajingi, wanda yake da sha'awar mu haɗa ɗalibai a yi wannan a makarantu, ya yi min magana ta akwatin saƙo.

Af, na manta ban faɗa muku ba. Rahoton taron bitar da aka ce kowane ofis ya miƙa, shafi shida, Baba ne ya buga mana shi ranar Litinin. Ya rubuta Shagogo daidai.